Kwamfuta Ba Ta Kiɗa Da Kanta: Martani Ga Mai Raina Sana'ar DJ

A kwanakin baya wani marubuci ya fito da dogon sharhi yana jan kunnen matasa a kan sana'ar haɗa kiɗa a kwamfuta da aikin DJ. Da zafi ya rubuta shi, kuma da alama da kyakkyawar niyya, irin ta babban wa da ya gaji da ganin ƙanensa a kulle a ɗaki da abin sauraro a kunne, ba kasuwa ba makaranta. A ganinsa mai haɗa kiɗa a kwamfuta ba makaɗi ba ne, manhaja ke yin aikin, shi nasa danna maɓalli. DJ kuwa ya ma fi lalacewa, tunda waƙoƙin wasu yake sakawa yana ɗaga hannu sama, a ƙarshe a biya shi. Ya ƙara da cewa kiɗan na Turawa ne, shigo da shi aka yi, ba shi da saiwa a Afirka. Sai ya rufe da abin da ya fi ci masa rai, wato masu cewa su 'yantattu ne, ba sa ƙarƙashin kowane kamfani. Wannan a wurinsa rashin gata ne aka yi wa kwalliya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk wanda babban kamfani bai ɗauka ba a ɗakin uwarsa zai tsufa.

Da ya san a kan wa karin maganar nan za ta faɗa, da ya nemi wata. DJ ɗin da ya fi kowane ɗan Afirka suna a wannan fage a yau da hannu ɗaya yake aiki, kuma ba a karin magana ba, a zahiri.

Sunansa na yanka Nkosinathi Maphumulo, duniya ta san shi da Black Coffee. An haife shi a 1976 a Umlazi da ke gefen Durban a Afirka ta Kudu, ya tashi a hannun kakarsa a Mthatha, inda tatsar shanu ke cikin ayyukansa na kullum. A watan Fabrairun 1990, ana gobe za a saki Nelson Mandela daga kurkuku, jama'a sun cika titi da dare suna murna, sai wata motar haya ta kutsa cikinsu. Yaron yana cikin waɗanda ta buge, lokacin bai cika shekara 14 ba. Jijiyoyin kafaɗarsa ta hagu suka lalace, hannun ya daina aiki. Daga baya ya shiga kwalejin Technikon Natal ya karanci kiɗan jaz, ya yi wa mawaƙi Madala Kunene amshi, ya kafa ƙungiyar Shana da abokansa biyu. A 2003 aka zaɓe shi cikin ɗaliban Red Bull Music Academy da aka yi a Cape Town. A 2005 ya fitar da kundinsa na farko, kuma tun daga nan sunan ɗan kamfaninsa na kansa, Soulistic Music, ke tafe da aikinsa. A cikin kundin akwai sabon ɗinkin da ya yi wa Stimela, tsohuwar waƙar Hugh Masekela a kan jirgin ƙasan da ke kwaso leburori zuwa ramukan ma'adinai na Johannesburg.

A 2010 ya tsaya a Maponya Mall da ke Soweto ya yi awa 60 yana kiɗa. Ba da daɗewa ba ya hau dandali a filin wasa na Moses Mabhida a Durban tare da makaɗa 24 masu goge da busa irin na Turawa, aka naɗi wasan ya fito a 2012 da sunan Africa Rising. Daga 2017 ya riƙe daren Asabar a gidan rawa na Hï da ke tsibirin Ibiza na Sifaniya, inda manyan DJ na duniya ke rububin samun gurbi. A watan Afrilun 2022 kundinsa Subconsciously ya ci kyautar Grammy a rukunin kiɗan rawa da na lantarki, a Oktoban 2023 kuma ya yi wasan kansa a Madison Square Garden na New York.

To, tambaya ga mai sharhi: makaɗa 24 ɗin nan da suka zauna a bayansa, me suke bi? Idan abin da ya haɗa a kwamfuta ba kiɗa ba ne, me mai goge ya ɗora wa bakansa? Ko su ma maɓalli suka danna?

Mai son ya san aikin DJ, ya tsaya a bayan na gaske minti goma ya zuba wa hannunsa ido. Gabansa na'urori ne biyu ko huɗu, kowacce ɗauke da waƙa, a tsakiyarsu akwatin gauraya sauti. Waƙa ɗaya tana fita a lasifika, jama'a na rawa. Ta biyu shi kaɗai ke jin ta, a kunne ɗaya, ɗayan kunnen yana wajen fili. Kiɗan haus, irin wanda Black Coffee ke yi, yana tafiya da bugu wajen 120 zuwa 128 a minti guda, ke nan tsakanin bugu da bugu rabin daƙiƙa ne ko ƙasa da haka. Sai ya ja gudun mai shigowa ya yi daidai da na mai fita, bugu ya hau kan bugu har kunne ya kasa raba su. In ya kuskure da ƙiftawar ido, sai a ji kamar dawakai biyu na sukuwa a kan kwalta, kuma ƙafar mai rawa ke riga kunnensa sanin an yi ɓarna. Yana cikin haka yana ƙirga bugu a zuci, sha shida-sha shida ko talatin da biyu, don gaɓar wannan ta faɗa a kan gaɓar waccan. Sai ya murɗa ya janye gangar ƙasa ta waƙar farko kafin ya saki ta biyun, saboda manyan ganguna biyu in suka haɗu sautin dagulewa yake yi kamar kunun da aka yi wa gudaji. Ga kuma muryoyin kiɗan biyu, in ba su dace ba, ko bugu ya zauna daram kunne zai ƙi. Black Coffee duk wannan da hannun dama yake yi, na hagu yana cikin aljihu.

Abin da ya fi duk wannan wuya shi ne karatun fili. Duk wanda ya taɓa zama a gidan dambe ya san makaɗin kirki ba zuba kiɗa kawai yake yi ba. Idonsa na kan fage, ya san wanda ya shigo, ya san lokacin da zai juya take har tsumi ya motsa. Haka DJ yake lura da ɗaki: sun fara gajiya, a sassauta, sun fara zamewa wajen ƙofa, a jawo su, wannan waƙar da saura, sai ƙarfe uku. Mutum ne ke riƙe da dubban jama'a awa uku ko huɗu da zaɓinsa kawai, kuma babu manhajar da ke ganin fuskar mutane.

A nan dole a ba mai sharhi haƙƙinsa. Na'urorin yanzu suna da maɓallin da ke daidaita gudun waƙoƙi da kansa, kuma akwai masu hawa dandali da kiɗan da suka riga suka jera tun daga gida, su yi ta tsalle suna murɗa abin da ba ya canza komai. Ba ma ɗan adawa ne ya tona wannan ba, ɗan gida ne: a 2012 furodusan nan ɗan Kanada, Joel Zimmerman, wanda aka fi sani da deadmau5, ya rubuta cewa yawancin taurarin fagen, har da shi kansa, kunna abin da aka shirya kawai suke yi a manyan wasanni. Maganar ta tayar da ƙura sosai. Amma masu kafa hujja da ita sukan tsallake ɗaya rabin, inda ya ce gwanintarsa da ta ire-irensa a situdiyo take, can inda ake ƙirƙirar kiɗan. Samun tela mai ɓata shadda bai taɓa sa an ce ɗinki ba sana'a ba ne.

Tunda an ambaci tela: wa ya taɓa cewa keke ne ya ɗinka babbar riga? Keke iri ɗaya ne a shago goma na layi guda, amma ana sallah saura mako biyu kowa ya san ƙofar da ake yin cincirindo.

Tarihin kiɗan lantarki cike yake da na'urorin da masu ƙera su ma ba su san abin da ke cikinsu ba. A 1981 kamfanin Roland na Japan ya fitar da wani ɗan akwati mai suna TB-303, da nufin ya riƙa kwaikwayon jita mai kaurin murya ga mawaƙin da ke atisaye shi kaɗai. Bai yi kama da jita ba ko kaɗan, bai yi kasuwa ba, a 1984 aka daina yin sa, ya koma shagunan kayan gwanjo. Can wasu samari baƙaƙen fata na Shikago, DJ Pierre da abokansa na ƙungiyar Phuture, suka same shi da araha. Sai suka riƙa murɗa maɓallansa yana cikin kiɗa, ya riƙa wani irin kuka mai lanƙwasa da ba a taɓa ji ba. Faifan da suka fitar a 1987, Acid Tracks, ya haifi reshen kiɗa sukutum wanda ya mamaye Ingila cikin shekara guda. Akwatin ya yi shekaru a hannun mutane da yawa kafin nan. Me ya hana shi yin wannan kukan da kansa?

Kusa da gida ma haka. Gangar nan mai nauyi ta kiɗan amapiano, wadda yau ake ji daga Legas har Landan, sauti ne da ke zaune a cikin manhajar FL Studio ta wani kamfanin Beljiyam, a gaban duk wanda ya mallaki manhajar a ko'ina a duniya. Sai da ta faɗa hannun samarin unguwannin baƙaƙe na Pretoria da Johannesburg sannan ta zama abin da ta zama. In manhaja ce mai kiɗan, da a Beljiyam aka fara rawar.

Batun cewa kiɗan na Turawa ne ba ya buƙatar dogon zance. Kiɗan haus daga gidan rawa na Warehouse a Shikago ya samo sunansa, inda Frankie Knuckles, baƙar fata ɗan New York, ya fara aiki a 1977, yana yanka zaren rikoda da reza yana liƙawa don tsawaita gaɓar da ta fi motsa jama'a. Kiɗan tekno kuma samari uku baƙaƙe ne na yankin Detroit suka aza harsashinsa: Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Turai saya ta yi daga baya. A Inugu, William Onyeabor ya yi ta fitar da faifai da na'urorin lantarki tsakanin 1977 da 1985, da situdiyonsa, da kamfaninsa Wilfilms, har da injin buga faifai nasa. A Yamai kuwa, Mamman Sani ya naɗi kaset a 1978 da fiyanon lantarki ƙirar Italiya, yana juya waƙoƙin gargajiya na Nijar a kai, kiɗan da gidan rediyo da talabijin na ƙasar suka daɗe suna sakawa tsakanin shiri da shiri. Mutane da yawa sun tashi da sautin a kunne ba su san mai shi ba, sai da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. Shi kansa mai sharhin, in yana sauraron waƙoƙin finafinan Hausa, to ya yi shekaru yana jin kalangu da sarewa da suka fito daga cikin fiyanon Yamaha, bai ce a mayar da su Japan ba.

Inda maganarsa ta fi nauyi shi ne batun kuɗi, kuma ba za a yi masa musu don son musu ba. Black Coffee ɗaya ne. A bayansa akwai dubbai masu hazaƙa da ba za su taɓa ganin Ibiza ba. Abin da manhajojin sauraron waƙa ke biya a kan saurare ɗaya bai kai a kira shi kuɗi ba, kuma daga 2024 Spotify ya daina biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a cikin shekara ba. Saboda haka yawancin furodusoshi da wasa a dandali suke ci, ba da faifai ba, wasan kuma yana cin jiki: jirgi yau, otal gobe, barci da rana. Avicii ɗan Suwidin, wanda ya kai ƙololuwar da kowane matashi ke mafarki, ya ajiye yawon wasa a 2016 saboda lafiyarsa, ya rasu a Oman a 2018 yana da shekara 28. Da annobar korona ta rufe gidajen rawa a 2020, DJ da yawa sun wayi gari ba su da ko sisin shiga. Duk gaskiya ne. Wanda zai ce wa yaro ya bar makaranta don ya sayi kwamfuta, bai so shi da alheri ba.

Amma daga nan sai mai sharhi ya yi tsalle ya dira a kan cewa mafita ita ce babban kamfani, kuma nan ne ya kauce hanya. Ko ya taɓa tambayar abin da kamfani ke karɓa a madadin inuwar da yake bayarwa? Kuɗin da ake ba mawaƙi ranar sa hannu ba kyauta ba ne, bashi ne da za a cire daga ɗan kasonsa kafin ya ga ko kwabo, kuma a yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi asalin naɗin waƙar ya zama na kamfani. Mai ita sai dai ya ji ta a rediyo kamar kowa.

Larry Heard makaɗin ganga ne a Shikago kafin ya sayi na'urorin lantarki ya fara haɗa kiɗa a gida da sunan Mr. Fingers. Can You Feel It, wadda ta fito a 1986 a kamfanin Trax, tana cikin ginshiƙan kiɗan haus a duniya. A 2020 shi da mawaƙi Robert Owens suka maka kamfanin a kotu, suna cewa an yi shekaru ana cin moriyar waƙoƙinsu ba a biyan su. Sai a 2022 aka sasanta, haƙƙin waƙoƙin ya dawo hannunsu. Shekara 36 ke nan mutum yana jiran abin da ya haɗa da hannunsa. Wannan ce inuwar da ake kiran yara su shiga? Juan Atkins kuwa, da kamfanoni suka ƙi karɓar kiɗansa, sai ya buɗe nasa, Metroplex, a 1985, abokansa biyu suka bi sahu da Transmat da KMS. Da sun zauna jiran a ɗauke su, da babu tekno.

Kuskuren mai sharhi shi ne ya ɗauka 'yanci na nufin kaɗaici. Ba haka 'yan sana'ar ke nufi ba. Furodusa mai zaman kansa yana da mai rarraba masa kiɗa, da mai nemo masa wasa, da lauya, da injiniyan da ke gyara masa sauti na ƙarshe. Bambancin shi ne shi yake ɗaukar su aiki, ko ya yi tarayya da su na ƙayyadadden lokaci. Yana iya sayar da kiɗansa kai tsaye a Bandcamp, inda dandalin ke ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, saura ya shigo aljihunsa bayan ɗan kuɗin hada-hada. Black Coffee kansa, da kasuwarsa ta wuce Afirka ta Kudu, ya haɗa hannu da kamfanin Ultra na New York don kiɗansa ya isa ko'ina. Sai dai ya je teburin ne da kamfaninsa, da sunansa, da jama'arsa da ya riga ya tara. Wanda ya shiga kasuwa da kaya a ka ba ɗaya yake da wanda ya shiga neman dako ba. Jinka dai hannuwa da yawa ke ɗauka, wannan ba a musu. Abin tambaya shi ne, in an ɗora, ɗakin na wa ne?

Saboda haka matsayin wannan martani a fili yake. Haɗa kiɗa a kwamfuta kiɗa ne, aikin DJ sana'a ce mai koyo da ƙwarewa da 'yan cuwa-cuwa kamar kowace, zaman kai kuma hanya ce da ta fitar da mutane tun daga Detroit har Durban. Ƙanen da ke kulle a ɗaki ba wa'azin ya bari yake buƙata ba. A ce masa ya koyi kiɗa na haƙiƙa yadda Maphumulo ya zauna ya koyi jaz, ya riƙe wata hanyar abinci har sana'ar ta tsaya da ƙafarta, ya yi rajistar waƙoƙinsa, ya kula da kunnuwansa da barcinsa. Ranar da aka miƙo masa takarda kuma, kada ɗokin ganin sunansa a jikin babban kamfani ya sa ya sa hannu kafin wanda ya san doka ya gaya masa shekara nawa ne, kashi nawa ne, kuma waƙar za ta dawo ko ta tafi ke nan.

A ƙasar su Black Coffee an san wannan darasi tun kafin a haifi kwamfuta. A 1939 Solomon Linda ya naɗi Mbube a situdiyon kamfanin Gallo a Johannesburg, ya sayar da haƙƙinta a kan sule goma. Waƙar ta ƙetare teku ta koma The Lion Sleeps Tonight, ta shiga fim ɗin The Lion King, ta tara wa wasu dukiya mai yawa. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci, 'ya'yansa ba su samu sasanci a kan waƙar ba sai a 2006. Gallo, wanda aka kafa a 1926, shi ne kamfanin faifai mafi daɗewa a ƙasar, a rumbunsa akwai muryar Miriam Makeba da Lucky Dube da Ladysmith Black Mambazo. A 2020 aka sanar da cewa wani ya sayi hannun jari a cikinsa, ta hannun kamfaninsa na zuba jari. Mai sayen shi ne yaron nan na Mthatha mai tatsar shanu, wanda mai sharhi ya ce aikinsa danna maɓalli.